Sauya lafazin labari ba tare da an ɓata shi ba: inda aka fi yin tuntuɓe

Da lokacin Hajji ya ƙarato, ɗalibai a Madina da masu hidimar alhazai a Makka da Jidda kan ɗauko sanarwa daga intanet su sake mata lafazi don a tura wa jama'a a gida. Kuskure na farko shi ne a fara taɓa kalmomi kafin a kulle abin da bai kamata a taɓa ba. Sunayen mutane da wurare, lambobi, kwanan wata, maganar da aka sa cikin alamar zance, aya da hadisi: duk a ware su tukuna. A cire kowanne a sa alama a gurbinsa, S1, S2, S3, a rubuta jerin a gefe, in an gama a mayar da su. Aikin minti biyar ne, amma shi ke hana Jami'ar Ummul Ƙura ta koma "jami'ar uwar garuruwa", ko jirgin ƙasa na Haramain ya zama "jirgin harami biyu", sunan da mahajjaci ba zai gani a jikin tikiti ba.

Sai batun kalmomin da ake zaton ma'anarsu ɗaya, kuma nan ne ɓarnar ta fi yawa. "Ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare. "Ya tabbatar" na nufin kai marubuci ka gaskata shi, "ya yi iƙirari" kuwa na nuna kana shakka. Wanda ya jera su bi da bi don gudun maimaici ya sa wa jami'i baki a maganar da bai yi ba. Haka "rasu" da "mutu" da "halaka": labarin dattijon da ya rasu a Mina ba ya ɗaukar "halaka", danginsa za su karanta. Maniyyaci wanda bai taso ba ne, ko yana hanya. Wanda ke tsaye a Arfa mahajjaci ne. Hadaya daban, layya daban, fidiya daban, kowacce da hukuncinta, kuma wanda ya musanya su ya sauya fatawa yana ganin salo ya gyara. In kalmar fiƙihu ta zo sau goma, a bar ta sau goma.

Akwai kuma jinsi. An cire "matsala" an sa "ƙalubale", an manta da sauran jimlar, sai a samu "ƙalubalen da ta taso". Duk kalmar da aka sauya, a bi ta har ƙarshen jimla, a duba ya da ta, na da ta, ne da ce, da ɗafin -n ko -r.

Masu gaggawa kan danna Ctrl+H a Word su ce a sauya duka. Manhaja ba ta san kalma ba, jerin haruffa take nema. Ka ce a mayar da "Mina" zuwa "Minna", sai Hajiya Amina ta wayi gari Aminna. Ka sauya "gari" da "birni", sai mutum nagari ya zama "nabirni", garin tuwo ma bai tsira ba. A kunna zaɓin neman cikakkiyar kalma da na bambanta babban baƙi da ƙarami, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. A tuna kuma ƙ ba k ba ce a wurin kwamfuta, don haka neman "kasa" ba zai kamo "ƙasa" ba.

Kwanan wata ba wurin ado ba ne. Saudiyya na yawan amfani da Hijiriyya, kuma shekara guda tana ratsa Miladiyya biyu: 1445 ta fara a Yulin 2023, Hajjinta ya zo a Yunin 2024. A bar kwanan yadda yake, in za a ƙara na Miladiyya a duba kalanda. Riyal ma ya zauna riyal, don canjin naira na yau ba shi ne na jibi ba.

Tsarin rubutu yakan lalace wajen kwafa. Ctrl+Shift+V kan liƙa tsiraran kalmomi, kanun labari da rubutu mai kauri da mahaɗan intanet su zube, saboda haka a yi gyaran a cikin kwafin asalin. A WhatsApp alamar tauraro (*) guda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ke kaurara kalma. In ɗaya ya faɗi, ko aka bar fili tsakaninsa da kalmar, kaurin ya tafi. Larabci kuma daga dama yake tafiya, in ya shiga tsakiyar boko yakan wurga ɗigon aya da alamar baka wani gefen. A ba shi layinsa shi kaɗai.

Sauya kalma ɗaya-ɗaya ba ya mayar da aikin wani naka, ko kaza ta sake gashi mai ita zai gane ta. Abin da ke fitar da rubutu mai kyau shi ne a karanta sakin layi, a kawar da ido, a faɗe shi yadda za a gaya wa maƙwabci, sannan a ambaci kafar da aka ɗauko. Daga nan a ajiye tsohon da sabon gefe da gefe, a ƙirga sunaye da lambobi. In na asali goma sha biyu ne naka sha ɗaya, akwai S ɗin da ba a mayar ba.