Yadda Ake Karatun Kula da Hanyoyin Sadarwar Kwamfuta da Tsaronsu a Jami'a

Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Kafin rana ta yi tsaka, manhajojin bankuna sun fara tsayawa a Najeriya da Ghana, masu POS kuma suna ta ba kwastomomi haƙuri. Waɗanda suka kwana a ofis a daren nan suna karkatar da zirga-zirgar bayanai zuwa wasu wayoyin da suka tsira, su ne ma'abota wannan fanni. Yawancin ɗaliban da ke neman shigarsa sha'awar kutse ce ke jawo su, alhali kuwa wanda bai san yadda hanya take aiki ba, ba zai iya tsaronta ba. Saboda haka aka jera matakan nan ta yadda sanin hanya zai riga tsaro.

Mataki na farko: zaɓen kwas da jami'a

Wannan fanni ba suna ɗaya gare shi ba a jami'o'inmu. A wani wuri yana ƙarƙashin Kimiyyar Kwamfuta, a wani yana cikin Injiniyan Kwamfuta ko Injiniyan Sadarwa, a wani kuma an ware masa sashe na kansa mai sunan Tsaron Intanet, kamar yadda yake a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutse duk suna da sassan da suka shafi kwamfuta. Mai nema zai buƙaci kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, sannan ya duba littafin JAMB na shekararsa don tabbatar da darussan da jami'ar da yake so take buƙata. Wanda yake da difloma yana iya nema ta hanyar shiga kai tsaye zuwa aji biyu.

Kada sunan kwas ya ruɗe ka. Ka nemi jerin darussan sashen ka ƙirga nawa ne suka shafi sadarwa, sannan ka tambayi ɗalibin aji uku ko ya taɓa riƙe rauta, wato na'urar da ke haɗa wata hanyar sadarwa da wata, da hannunsa a ɗakin gwaji. Ka kuma bincika ko jami'ar tana da cibiyar horarwa ta Cisco ko ta Huawei.

Mataki na biyu: lissafin adireshi da matakan sadarwa

A nan ne ake tankaɗe da rairaya, kuma a nan ne da yawa suke gundura. Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da adireshi. A tsarin IPv4 adireshin yana da ɗigon lissafi 32 (kowane ɗigo sifili ne ko ɗaya), wanda ya ba da adireshi kimanin biliyan 4.3, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare tun watan Fabrairu 2011. Hangen wannan ƙarancin ne ya sa aka kawo IPv6 mai ɗigo 128. Hukumar AFRINIC da ke Morishus ita ce take raba adireshi ga kamfanoni da jami'o'in Afirka.

Abin da ake so ɗalibi ya ƙware a kai shi ne raba adireshi gida-gida. A ce an ba ka 192.168.10.0/24 don wata makaranta mai sassa huɗu: ofishin shugaba, ofishin kuɗi, ɗakin karatu, da ɗakin kwanan ɗalibai. Alamar /24 tana nufin ɗigo 24 na farko na hanyar ne, takwas suka rage maka, wato adireshi 256 ke nan a hannunka. Idan ka aro ɗigo biyu ka mayar da shi /26, sai ka sami gida huɗu, kowanne da adireshi 64. Na farko daga 0 zuwa 63, na biyu daga 64 zuwa 127, na uku daga 128 zuwa 191, na huɗu daga 192 zuwa 255. A kowane gida adireshin farko sunan gidan ne, na ƙarshe kuma na shela ne ga kowa, saboda haka 62 kaɗai za ka iya ba na'urori. Fa'idar wannan rabo ita ce yanzu kana iya kafa dokar da za ta hana kwamfutar ɗakin kwana magana da ta ofishin kuɗi, kuma ka ga tsaro ya fara shigowa tun ba a ambaci sunansa ba. Ka yi ta maimaita irin wannan lissafi da biro da takarda har ya zama kana yinsa da ka, domin ana tambayarsa a jarrabawa, ana tambayarsa a ganawar ɗaukar aiki, kuma ranar da hanya ta tsaya ba wanda zai jira ka buɗe kalkuleta.

Tare da wannan za a koya maka matakai bakwai na tsarin OSI, wanda ya kasa aikin sadarwa hawa-hawa. Ɗalibai sukan haddace su kamar karatun allo su zubar bayan jarrabawa, alhali amfaninsu shi ne su nuna maka inda za ka fara neman matsala: waya tukuna, sannan suwic (na'urar da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a jikinta), sannan adireshi, kafin a kai ga manhaja.

Mataki na uku: kafa ɗakin gwaji na kanka

Kayan aikin sashe ba sa isar kowa, wuta kuma ba ta da tabbas, saboda haka laftof ɗinka ita ce ɗakin gwajinka. Mai RAM 8GB za ta yi aiki, mai 16GB ta fi sauƙin sha'ani. Ka fara da Packet Tracer, wadda Cisco ke bayarwa kyauta ga duk wanda ya yi rajista a makarantarta ta intanet. A cikinta za ka jera rauta da suwic da kwamfutoci, ka haɗa su da waya, ka rubuta musu umarni kamar na gaske. Bayan ka saba, sai ka koma GNS3 ko EVE-NG, manhajoji masu irin wannan aiki. Ka saka VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a ciki, ka tilasta wa kanka yin aiki ta baƙin allon umarni ba tare da linzami ba, domin yawancin sabobin duniya, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima, a kan Linux suke. In aljihu ya yarda, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi ƙaramar rautar MikroTik ta hannu, wadda ƙananan kamfanonin intanet da otal-otal suke yawan amfani da ita a ƙasar nan.

Sai Wireshark, manhajar da take nuna maka kowane ƙunshin bayani da ke wucewa. Ka buɗe ta, ka sa laftof ta saki adireshinta ta nemi sabo, sai ka ga saƙonni huɗu na DHCP, ƙa'idar raba wa na'urori adireshi, sun jeru: na'urarka ta yi cigiyar mai ba da adireshi, saba ta yi tayi, na'urarka ta nema, saba ta tabbatar. Daga nan ka shiga wata na'urar gwajinka ta Telnet, hanyar shiga na'ura daga nesa, a ƙofa ta 23 (kowace hidima tana da lambar ƙofarta), za ka ga kalmar sirrinka tsirara, harafi bayan harafi. Ka sake shiga ta SSH a ƙofa ta 22, ba za ka ga komai ba sai tarkacen da ba ya karantuwa. Duk laccar da za a yi maka kan kulle bayanai ba za ta zauna maka kamar wannan gwaji na minti goma ba.

Mataki na huɗu: kula da hanya

Wannan shi ne ɓangaren da ba shi da armashi a idon ɗalibai, amma shi ne aikin yau da gobe. Ya ƙunshi raba suwic ɗaya zuwa ƙananan hanyoyi da yawa da ake kira VLAN, da ƙa'idojin zaɓen hanya irin su OSPF a cikin gida da BGP tsakanin kamfanoni, da sa ido ta SNMP da manhajoji kamar Zabbix ko Nagios, da adana kwafin saitin kowace na'ura, da rubuta duk sauyin da aka yi da ranar da aka yi shi.

Lokacin da nake horon sanin makamar aiki a wani ofishi a Kaduna, wata safiya intanet ta tsaya cak a bene guda. Fitilun suwic duk suna ƙyaftawa tare kamar ana kaɗa musu ganga. Ni da abokin horona muka shafe kusan awa uku muna buga wa kamfanin da ke ba mu intanet waya muna ɗora masa laifi. Da injiniyan wurin ya iso, dattijo ne mai ƙarancin magana, sai ya tsuguna yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana kallon fitilun. A ta goma sha ɗaya komai ya lafa. Ashe wani ma'aikaci ne ya ga bakin waya yana reto a bayan tebur, ya soke shi a ramin bango don gyara, sai bakin biyu suka koma suwic ɗaya, saƙonnin shela suka riƙa zagayawa ba iyaka har suka cika hanyar. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya aka yi ka gane?" Ya ce, "Yaro, ba a koya muku farawa daga waya ba?" An koya mana, har da ƙa'idar STP da ke hana irin wannan zagaye, amma a takarda kawai.

Manyan kamfanoni ma suna faɗawa irin wannan rami. A watan Nuwamba 2018, kuskuren saitin BGP a kamfanin MainOne na Legas ya sa zirga-zirgar da ke zuwa Google ta bi ta Sin da Rasha na fiye da awa ɗaya, kuma kamfanin ya amsa cewa kuskure ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuwa Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kimanin awa shida, ba don kutse ba, sai don wani umarni da aka bayar yayin gyara, wanda ya kai ga janye hanyoyin kamfanin daga intanet. Ka nemi bayanan irin waɗannan aukuwa ka karanta su a tsanake, ka kuma gwada kwaikwayon ƙaramin misalinsu a GNS3.

Mataki na biyar: tsaro

Yanzu ne ka isa wurin da ka yi ɗoki. Za a fara da ginshiƙai uku: sirrin bayani, da ingancinsa, da samuwarsa lokacin da ake buƙata. Daga nan sai katangar tsaro, da VPN (kullalliyar hanya ta cikin intanet), da na'urorin gano kutse irin su Snort da Suricata, da ilimin kulle bayanai, da karanta kundin abubuwan da suka faru a saba. Ka ɗora pfSense, manhajar katangar tsaro, a ɗakin gwajinka, ka rufe komai, sannan ka riƙa buɗe ƙofa ɗaya-ɗaya gwargwadon buƙata.

Za ka lura cewa manyan hare-hare sukan shigo ta sakaci. Cutar WannaCry da ta bazu a ƙasashe sama da 150 a watan Mayu 2017, har ta dagula asibitocin Birtaniya, ta bi ta ƙofa ta 445 ne, alhali Microsoft ya fitar da maganin ramin tun watan Maris. Cutar Mirai kuma a 2016 ta tara rundunar kyamarori da rautoci ne ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka sayar da su da su, waɗanda masu su ba su taɓa sauyawa ba.

Game da kayan gwajin kutse irin su Kali Linux da Nmap da Metasploit, akwai iyaka da ba a ƙetarewa. Dokar Laifuffukan Intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma cewa gwaji kake yi ba hujja ba ce. Wayafai na jami'a da shafin rajistar ɗalibai ba filin atisaye ba ne. Abin da ɗalibi ya ɗauka wasa yana iya jawo masa kora da kotu. Ka yi atisayenka a kan Metasploitable da DVWA, manhajojin da aka bar musu ramuka da gangan, a cikin laftof ɗinka, ko a dandalin TryHackMe da Hack The Box da gasar picoCTF, waɗanda aka gina domin haka. Duk gwajin da za a yi a kan hanyar wata ma'aikata, sai da izini a rubuce wanda ya fayyace na'urorin da za a taɓa da lokacin. Ka karanta Dokar Kare Bayanai ta 2023, ka kuma san aikin ngCERT, cibiyar kai ɗauki kan hare-haren intanet da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Mataki na shida: horo, takardun ƙwarewa da aikin kammalawa

Watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki, kada su tafi a ofishin da za a sa ka ɗaukar hoton takardu. Ka nemi kamfanin intanet ko da ƙarami ne, ko sashen sadarwa na banki ko asibiti ko jami'a, inda za ka matse kan waya, ka hau tsani, ka ga ɗakin sabobi.

A takardun ƙwarewa, CCNA ta Cisco mai lambar jarrabawa 200-301 ce ta fi dacewa da farawa, sai Security+ ta CompTIA, kuma kowacce shekara uku take yi kafin a sabunta. Da dala ake biyan kuɗinsu, saboda haka kada ka zauna sai ka shirya sosai, kuma ka guji haddace tambayoyin sata da ke yawo, domin mai ɗaukar aiki zai ajiye maka suwic ne ya ce ka saita. CISSP tana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyar, ba ta ɗalibi ba ce tukuna.

A aikin kammalawa ka zaɓi matsala ƙarama wadda za ka iya aunawa. Misali, ka tsara hanyar sadarwar wata ƙaramar asibiti mai layin intanet biyu, ka katse ɗaya da gangan, ka auna daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta koma kan na biyu, ka sauya saiti ka sake aunawa. Ka adana zanen hanyar da saitin kowace na'ura da sakamakon awon a shafin GitHub, ka saka adireshin a takardar neman aikinka, sannan ka tafi da laftof ɗin ranar kare aikin domin ka zare wayar a gaban malamai su ga yadda hanyar ta farfaɗo.