Yadda za ka riƙe ƙaramar bindiga ba ta tashi a hannunka ba shiri

Duk sanda aka samu tsautsayin bindiga a gida ko a bariki ko wajen biki, maganar da za ka ji ɗaya ce, wai "da kanta ta tashi". Daga Garwa har Marwa har Kusuri ka tsallaka gada ka shiga Injamena haka ake faɗa. To ni dai abin da nake so in faɗa wa 'yan uwa masu riƙe fistol bisa izini, jandarma ne kai ko ɗan sanda ko ɗan duwan ko ɗan kasuwa mai takarda, shi ne bindiga mai lafiya ba ta tashi sai abu biyu sun haɗu, akwai harsashi a ɗakinta, wato gindin bututu inda yake zama kafin harbi, sannan wani abu ya danna kunama. Wannan wani abun kuma mafi yawanci yatsanka ne. Ka raba waɗannan biyun ka rufe ƙofar yawancin bala'in.

Kafin in ci gaba, a Kamaru dokar makamai da harsasai ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016, ba a saye ba a ajiyewa ba a yawo da ita sai da izinin hukuma. Wanda ba shi da takarda shawarata gare shi ya miƙa ta, ba da shi nake wannan magana ba.

Mu fara da yatsa tunda nan ne gizo ke saƙa. Ɗan alinka wurin zamansa a miƙe yake a jikin bindiga, can sama da zoben nan da ya kewaye kunama, ka ji ƙarfe ko roba a ƙarƙashinsa. Kar ka ɗora shi a gefen zoben, kar ka sa shi ciki wai ai ba ka danna ba. Ba ya shiga sai ka saita abin da za ka harba kuma ka riga ka yanke shawarar harbin, kana gamawa ya fito. Mutane na raina wannan, suna cewa ai ni na san kaina yatsana ba zai motsa ba sai na ce, wallahi ba haka jikin ɗan Adam yake ba. Wani masanin jijiyoyi a Amurka, Roger Enoka, ya yi bayanin hanya uku da hannu ke damƙewa ba da sanin mai shi ba. In an razana ka, kamar ƙarar salansar moto ko wani ya dafa ka ta baya, duk yatsunka sai su matse lokaci guda. In ka yi tuntuɓe ko santsi ya kwashe ka, nan ma hannu na neman abin kamawa ya damƙe abin da ke cikinsa. Na ukun shi ne wanda mutane ba su sani ba, in ka damƙi wani abu da ƙarfi da hannun hagu, a ce ka cafko rigar ɓarawo ko kana fizgar ƙofar mota, hannun dama shi ma sai ya matse ko ba ka so. Yanzu lissafa, kunamar fistol ƙirar Glock nauyin janta kamar kilo 2 da rabi ne kacal, damƙar namiji baligi kuwa ta haura kilo 30 hankali kwance. Ina kilo 2 da rabi zai tsaya gaban wannan? 'Yan sandan New York sun shafe shekaru suna sa wa bindigoginsu kunama mai nauyin sama da kilo 5 saboda irin wannan, amma ko ita razana na iya danne ta. A Jamus ma an gwada 'yan sanda da bindiga mai na'urar gane taɓi, wasu suka taɓa kunama cikin atisaye kuma da aka tambaye su suka ce su ba su taɓa ba, don da gaske ba su ji ba. Kenan sai ka horar da yatsan har ya zama shi da kansa yake gudun zoben, ka ɗauki bindigar da ka tabbatar babu komai ciki, ka yi ta ɗauka kana ajiyewa da yatsa a miƙe kullum har ya zama jiki.

Sai harsashin da ake mantawa a ɗaki, wannan ya kashe mutane ba adadi. Fistol na da sharja, wato gidan harsasan da ake turawa ta ƙasan mariƙi, sannan tana da ɗaki a gindin bututu inda harsashi ɗaya ke zama yana jiran allura ta buge shi. Mutum sai ya zare sharja ya riƙe a hannu ya ce ai babu komai ciki, alhali guda ɗaya na kwance a ɗaki. Wasu ƙirar kamar Browning Hi-Power in ka cire sharja ba ta harbi, amma Glock da Makarov da Tokarev da Beretta 92 duk suna harbawa lafiya lau ba sharja, don haka kar ka dogara da wannan sam.

Ga yadda ake sauke ta, kuma jerin yana da muhimmanci, kar ka juya shi. Ka juya baki zuwa inda in ta tashi ba wanda zai ji ciwo, yatsa a waje. Ka fara cire sharja ka ajiye ta nesa, kar ka riƙe a hannu. Sannan ka ja kulas, wato saman nan da ke zamewa baya, da ƙarfi sau biyu sau uku, in akwai harsashi ya faɗo, bar shi ya faɗi ƙasa kar ka tsaya cafewa. Ka kafe kulas ɗin a buɗe, ka leƙa ɗakin da idonka a wuri mai haske, ka sa ɗan ƙaramin yatsa ka taɓa ramin, ka leƙa ramin sharja shi ma ka ga haske ya wuce. In ka fara jan kulas kafin ka cire sharja, to ka fitar da ɗaya ka tura wani sabo ciki ne, ka ɗura ta da hannunka kana ganin ka sauke, kuma wannan kuskuren ya fi samun wanda ya kwana a bakin aiki ya dawo a gajiye. In mai ganga ce wadda ke juyawa, ka buɗe gangar ka zazzage ka duba kowane rami ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci guda na maƙalewa. Duk wanda ya miƙo maka bindiga, ko shugabanka ne ko babanka, ko a gabanka ya duba, kai ma sake dubawa, ba raini ba ne. Kai ma in za ka miƙa, a buɗe ake miƙawa, baki na kallon ƙasa.

Maganar inda baki zai kalla kuma, a gidajenmu sai an yi tunani. Zana ba ta tare harsashi, langa-langa ba ya tarewa, ƙofar katako da bulo mai rami duk ba abin dogaro ba ne, bayan bangon nan ɗakin matarka ne ko tsakar gidan maƙwabci inda yara ke wasa. Daɓen siminti kuma harsashi na iya dukansa ya yi tsalle ya koma wani wajen. Harsashin milimita 9 na fita da gudun kusan mita 350 a daƙiƙa guda kuma yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Abin da ya fi, ka cika babban bokiti ko rabin duro da yashi ka ajiye a kusurwa, yashi dai ba ma rasa shi, duk ɗuri da saukewa a yi su baki na kallon cikin yashin, a bariki ma haka ake yi. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, hadisi ya zo a Buhari da Muslim Annabi (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, kuma ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kar ya ji wa wani. To samarin da ke nuna wa aboki baki don a ɗauki hoto a sa a TikTok su ji wannan da kyau.

Yanzu abin da ya fi damuna, kuma ban cika jin ana faɗa ba, shi ne kayan da muke sawa. Bature da ya ƙera bindigar nan da wando mai bel da ƙaramar riga ya yi lissafi, mu kuwa jallabiya ce da gandura da wando mai zariya. Mutum ya soke fistol tsirara a ƙugu, bakin zariya ko gefen riga ya shiga zoben kunama, yana tura ta ƙasa ƙyallen ya ja, shikenan ta tashi a cinya. Ko ya jefa ta aljihun gefe tare da makullan moto da carbi da goro, ya hau moto yana faɗa wa ramuka. Ɗan ƙaramin harshen nan da ke tsakiyar kunamar Glock an yi shi ne don kar kunama ta motsa in bindigar ta faɗi ko an goge ta ta gefe, amma duk abin da ya shiga zoben ya danna tsakiya, makulli ne ko igiya, bindiga ba ta san bambancinsa da yatsa ba. Dole ka samu kube mai tauri wanda aka yi daidai da ƙirar bindigarka, ya rufe zoben kunama gaba ɗaya, ya kama bel sosai. Kuben fata da ya tsufa ya yi laushi da gumin watan Afrilu, bakinsa na lanƙwashewa ya shiga zoben, yar da shi ka sayi wani. In za ka mayar da ita kube kar ka yi sauri, ɗage rigar da ɗaya hannun, duba da ido ba abin da ya faɗa ciki, tura a hankali, in ka ji ta cije tsaya ka fito da ita. Lokacin alwala da shiga bayi da sallah ma a kula, ruku'u da sujada na zazzago abin da ba a ɗaure da kyau ba. In dole ka cire, cire ta tare da kuben gaba ɗaya.

In kuma ta suɓuce maka, don Allah bar ta ta faɗi. Yawancin fistol na zamani na da abin da ke tare allura har sai an ja kunama, cafkewa a iska ce ke sa yatsa faɗawa zobe. A 2018 a birnin Denver wani jami'in FBI yana rawa ya yi alkafura bindigarsa ta faɗo, ba ta tashi ba da ta bugi ƙasa, sai da ya yi wuf ya damƙe ta sannan ta tashi ta sami wani a ƙafa.

Ba na cewa bindiga ba ta da laifi ko kaɗan. Kamfanin SIG Sauer da kansa a 2017 ya buɗe shirin gyara fistol ɗinsa ƙirar P320 bayan an gano in ta faɗi ta wata kusurwa tana iya tashi. Tokarev ta asali, wadda Rasha ta ƙera tun shekarun 1930, ba ta da makullin sekirite na hannu, wato maɓallin da ke hana ta tashi, kwata-kwata sai ɗan matakin rabin ɗani na gudumarta, ƙarfen nan da ke bugun allura, in ya cinye kuma ba ka da komai, irin wannan kar ka yi yawo da ita da harsashi a ɗaki. Ta maƙera ƙirar gida kuwa ba wanda zai ba ka tabbacin komai a kanta. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai da yawa sai ta zama kamar kwaɓaɓɓen laka ta riƙe allura, shi ya sa mai kaɗan ake sawa a goge. Kar ka bari wani makaniki ya goga maka kunama wai ta yi laushi. Makullin sekirite kuma ka sa shi, amma ƙarfe ne yana lalacewa, kar ka taɓa gwada shi da jan kunama kana kallon mutum. Mai guduma a waje, saukar da ita da babban yatsa hannu na gumi hatsari ne, in akwai maɓallin saukewa kamar na Makarov da Beretta yi amfani da shi, baki cikin yashi.

Wajen wanki, harsasai su kwana a wani ɗakin daban kafin ka fara. Glock sai an ja kunama ake kwance ta, don haka duba ɗaki sau biyu. In kana atisaye ka ja ka ji ƙyas ba ta tashi ba, kar ka juyo da ita ka leƙa, riƙe ta a saiti ka ƙirga daƙiƙa 30, tsohon harsashin da ya sha zafi da danshi na iya jinkiri. In ƙarar ta fito a raunane, tsaya, mai yiwuwa kan harsashi ya maƙale a bututu, na biyu zai iya fasa ta a hannunka.

A gida, ƙarƙashin matashi da saman kwaba ba ɓuya ba ne, yara sun san kowane lungu fiye da kai, kuma ɗan shekara uku zuwa huɗu na iya danna kunama da manyan yatsunsa biyu, a lokacin nan baki fuskarsa yake kallo. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, bindiga a sauke, harsasai a wani wurin a kulle, makulli a jikinka. Ka zaunar da yaran ka gaya musu in sun ga bindiga ko'ina kar su taɓa, su bar wurin su kira babba. Wanda ya sha giya ko bilbil ko tramol, ko yake cikin fushi da iyali, ba shi ba makullin nan. Harbi sama a biki kuma a daina, abin da ya hau sai ya sauko, kuma kan wani zai sauko.

In Allah ya ƙaddara abin ya faru, fara ajiye bindigar baki na kallon inda ba wanda zai ji ciwo, sannan ka danne raunin da ƙyalle mai tsabta da duk ƙarfinka kar ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In cinya ce ko hannu jini na tsartuwa, ɗaure sama da raunin da rawani ko ƙyalle mai faɗi ka murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya, ka riƙe lokacin da ka ɗaure don ka faɗa wa likita, babbar jijiyar cinya na iya zubar da jinin mutum cikin 'yan mintuna. Kar a zuba toka ko garin magani, kar a tsaya neman ciro harsashi, kar a ɓoye shi a gida don tsoron bincike. A Kamaru 117 'yan sanda ne, 113 jandarma, 118 'yan kwana-kwana, wani ya kira, ku kuma ku sa shi a mota ku nufi asibiti mafi kusa hannu na kan raunin har ku isa.