Yadda ake tsince gashin tunkiya a gyara shi kafin kaɗi

Tumakinmu na gida, wato Yankasa da Uda da Balami, gashinsu gajere ne mai santsi, ba ya kaɗuwa. Mai neman ulu a wannan yanki sai ya dubi tumakin Masina da Fulani ke kiwo a yankin Mopti na ƙasar Mali, waɗanda da gashinsu ake saƙa bargunan nan masu kauri, ko kuma tumakin Kundum da ke bakin kogi a jihar Tilaberi ta Nijar.

Idan gashin ya zo hannu, kada a yi gaggawar kai shi ruwa, domin a wurin tsinta ne ake samun zare mai kyau ko a rasa shi. A shimfiɗa shi a kan ragar waya a inda haske yake, gefen da aka aske yana ƙasa, a girgiza a hankali don ƙasa da guntayen da almakashi ya sake yankewa su zube. Daga nan a bi gefe-gefe a cire na ciki da na ƙafafu da na kusa da wutsiya, wanda kashi da fitsari suka ɓata. Na kafaɗa da na haƙarƙari su ne mafi laushi, a ware su daban, na cinya kuwa mai kaushi ne, ya fi dacewa da darduma. Fari da baƙi ma kowanne da tulinsa.

A ɗauki tsagi ɗaya a riƙe bakinsa biyu a fizga. Idan ya tsinke a tsakiya, dabbar ta sha yunwa ko ciwo a lokacin da wurin yake tsiro, kuma zarensa zai riƙa katsewa a mazari. Ƙarangiya ita ce babbar wahala, domin wanki ba ya fitar da ita, sai ma ya ƙara cusa ta. Dole a zauna a cire ta ɗaya bayan ɗaya, wurin da ta yi yawa kuwa a haƙura da shi.

A jiƙa gashin a ruwan sanyi ya kwana, laka ta saki. Washegari a zuba ruwa mai zafin digiri 55 zuwa 60 a baho tare da sabulun ruwa na wanke kwanuka, a nutsa gashin, a bar shi kamar minti 20, a tsame tun ruwan bai huce ba, don kada maiƙon ya koma jikinsa. A nan ne hannun da ya saba da wankin tufafi yake yin ɓarna: ba a cuɗawa, ba a murɗewa, ba a kuma fitar da shi daga ruwan zafi a jefa a na sanyi, in ba haka ba zai dunƙule ya zama kamar tabarma, ba ya sake warwaruwa. Kanwa da toka ma a nisance su, suna cinye ƙarfin gashin. A ɗauraye sau biyu da ruwa mai zafi iri ɗaya.

A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Bayan ya bushe sarai, a wargaza shi da yatsu, a taje da burushi biyu masu haƙoran waya har silin ya kwanta gefe guda, a naɗe kamar sutun auduga. Wanda ba za a kaɗa nan kusa ba a ɗaure shi a buhun yadi, a riƙa dubawa saboda asu.