Koren taki da garin dutsen fosfet: inda manoman masara ke yin kuskure

Tun da buhun taki ya yi tsada, wasu manoma a kewayen Zariya, daga Shika zuwa Giwa, suka koma shuka wake ko mukuna (wani dangin wake mai yaɗo) su binne da ɗanyensa ya zama taki, su haɗa da garin dutsen fosfet irin wanda ake haƙowa a ƙasar Sakkwato. Dabarar tana aiki, amma na sha ganin wanda ya gwada shekara ɗaya ya ce ƙarya ce, alhali hanyar da ya bi ce ba daidai ba.

Babban kuskure shi ne a ɗauki garin dutsen nan kamar takin zamani na supa, a zuba a gindin masara bayan ta fito. Ba ya narkewa a ruwa, sai tsamin ƙasa ya ci shi a hankali, masara kuwa tana buƙatar fosfet tun tana ƙarama. Don haka waken za ka ba wa. Ka watsa garin kafin huɗa ya gauraya da ƙasa, sannan ka shuka wake, waken suya ko mukuna a kai. Saiwar dangin wake tana fitar da ɗan tsami da ke narkar da shi, ganyen ya kwashe, idan ya ruɓe masarar baɗi ta samu. Su ma waken sai da fosfet suke tara sinadarin da takin yuriya ke bayarwa. Tuge gindi ɗaya ka fasa ƙulalan da ke jikin saiwar: in cikinsu ja-ja ne, aiki na tafiya. Kada ka haɗa garin da toka, tana kashe tsamin da ake nema.

Sai lokacin binnewa. Wasu na bari sai ya yi 'ya'ya, kara ya yi tauri, ƙarfin ya koma cikin ƙwaya. Da ya fara fure ake kifa shi cikin kunya, in kuma za a yi shuka a daminar nan, a jira mako 2 zuwa 3 tukuna, don ɗanyen ganye mai ruɓewa na iya hana iri fitowa da kyau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sharar gona. Mutum ya yi damina guda yana renon mukuna, ta tsallake bakin dabbobi da rani, sai a watan Afrilu ya tara ta ya banka wuta. Yawancin abin da ya tara ya bi hayaƙi ke nan. In ka san shanu za su shiga, gara ka binne tun ƙasa na da danshi a ƙarshen damina.

Kuma kada ka yanke yuriya gaba ɗaya a shekarar farko. Ka rage dai, ka ware kunya goma da ba ka sa wa komai ba, ka auna buhunan kowane ɓangare da kaka. Idan ana son gwajin ƙasa, Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru na nan kusa.