Yadda ake kai ɗalibai Abuja kallon rantsar da shugaban ƙasa ba a ɓatar da ɗan kowa ba

Tun 1999 ranar 29 ga Mayu ake rantsar da shugaban Najeriya a dandalin Eagle Square, duk da an maida ranar dimokuraɗiyya 12 ga Yuni rantsuwar bata motsa ba. Ta gaba 2027 ce, ranar Asabar zata faɗo, to malamin da yake da niyya ya fara lissafi.

Abu na farko tun kafin maganar mota, ka faɗa wa yara da iyayensu gaskiya, cikin dandalin sai mai katin gayyata. Ku rubuta wasiƙa da sunan makaranta ta hannun ma'aikatar ilimi ta jiharku da wuri, in an samu kati alhamdulillahi, in ba a samu ba daga nesa zaku tsaya, wataƙila ko hular shugaban bazaku hango ba balle alƙalin alƙalai yana bashi rantsuwa. Kar ka yi musu alƙawarin abinda ba a hannunka yake ba.

Sai takardar amincewar iyaye, sa hannu da lambar waya biyu, da mai asma ko sikila ko olsa a rubuta. Wanda babansa ya ce "na yarda" a baki kawai, a'a, ya zauna gida. In da 'yan mata dole malama mace ta biyo ku.

Ku shiga Abuja ana gobe, da rana, ko ta mota ko jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Kubwa ko Idu a Abuja. Otal na cikin gari ya cika kuma kuɗinsa ba na malamin makaranta bane, nemi makarantar kwana ko masauki wajen Kubwa ko Nyanya.

Ranar kuwa nan aikin yake. Ana rufe hanyoyin kewayen sakatariyar tarayya dake kusa da dandalin, bas ɗinku bazata matso ba, ƙafa zaku taka sosai, don haka bayan asuba a fita, takalmi mai sauƙi, ba babbar jaka saboda binciken sojoji da 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya na DSS. Kowa cikin yunifom ko hula kala ɗaya. Raba su kashi-kashi, kowane malami da nasa yaran da basu wuce goma ba, malami ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma duk inda kuka tsaya a ƙirga, ba da ido ba, a kira suna yaro ya amsa. Zasu yi ta gunaguni wai an maida su 'yan firamare, ƙyale su.

Kar ka dogara da waya, taro in ya yi yawa netwok sai ya ƙi. Kowane yaro ka rubuta masa lambarka a kati ya rataya a wuya, ka nuna musu wuri ɗaya da ake hangowa daga nesa, misali babban masallacin ƙasa, wanda ya ɓace ya nufi ƙofar da kuka ajiye ya tsaya cak kar ya yi yawon nemanku.

Fiya wata da biskit da leda ko lema, ƙarshen Mayu damina ta kankama a Abuja, rana ta gasa ku yanzu anjima ruwa ya sauko. Bayi kuma kowa ya rage kafin a baro masauki.

In an ce a matsa ku matsa, ba gardama da jami'in tsaro, ba ɗaukarsu hoto, ba hular jam'iyya. Da an fara watsewa kar ku bi turmutsutsu, ku ja gefe ku ba mutane rabin awa, a sake kiran suna sannan a kira direba.