Yadda zaka zaɓi tsirran da za su rayu a tankin kifinka

Kusan duk wanda ya shigo harkar nan hoto ne ya jawo shi. Kana zaune kana latse-latsen waya sai kaga wani tankin gilashi, kamar an ɗauko daji an rage masa girma an nutsa shi a ruwa, ciyawa kore shar ta shimfiɗu a ƙasa kamar kafet, ga duwatsu a tsaitsaye, ga ƴan kifaye suna wucewa abinsu. Nima haka akai min. Na je na siyo wata ƴar mitsitsiyar ciyawa da ake kira Hemianthus callitrichoides, wasu suna ce mata Cuba kawai tunda daga can aka samo ta, na zauna da ɗan hantsaki ina dasa ta ɗaiɗai har bayana ya ƙage, sati uku ba su cika ba ta zama kamar kunu, rabi ya ruɓe rabi yana yawo a saman ruwa. Laifina ne, na kai ta gidan da bazai iya ciyar da ita ba.

Wanda ya yaɗa wannan salon a duniya shi ne Takashi Amano, mutumin Japan, mai ɗaukar hoto ne kuma shi ya kafa ADA, kamfanin kayan tankin kifi, a 1982, ya rasu a 2015. Salon nan na duwatsu da gajeriyar ciyawa sunansa iwagumi. Kafin shi akwai salon mutanen Holan tun wajen shekarun 1930, su babu ruwansu da dutse, tsirrai ne rukuni-rukuni kala-kala kamar lambu. To abin da hoton baya nuna maka shi ne tukunyar gas ɗin CO2, wato iskar da tsiro ke haɗa abincinsa da ita, da ke ɓoye a cikin kabad, da fitila mai ƙarfi, da almakashin da ake sawa duk sati, har bututun filta cirewa suke kafin su ɗauki hoton. Don haka kafin ka tambayi sunan ko wane tsiro, fara tambayar tankinka me yake da shi.

Abu uku zaka duba. Na farko haske, fitilar da ta zo tare da tankin yawanci mai rauni ce, kuma idan tankin yana da zurfi, kamar santimita 50 ko fiye, hasken da ke kaiwa ƙasa kaɗan ne ko da kai kana ganin ɗaki ya haskaka. Na biyu CO2, zaka sa ko bazaka sa ba, ka yanke hukunci tun yanzu don shi ne ya raba tsirrai gida biyu. Na uku me ka zuba a ƙasa, yashi da tsakuwa zalla ne ko ƙasar nan ta musamman mai taki a jikinta. Waɗannan ukun tafiya suke tare, idan ka ƙara haske baka ƙara CO2 da taki ba to gansakuka ka gayyato, ita ce zata cinye ribar, gilashi ya yi kore, ganye ya yi gashi. Gaskiya mafi yawan masu kukan gansakuka fitila ce tayi musu yawa, awa 6 zuwa 8 a rana ya isa, kuma ka sa mata taima, wato na'urar da ke kunna ta da kashe ta da kanta, don kai zaka manta.

Idan baka da CO2, kuma ni shawarata kar ka fara da shi, ga waɗanda zan ce ka nema.

Anubias ita ce ta farko a wajena ko da yaushe. Asalinta daga koguna da ƙoramun Afirka ta yamma da ta tsakiya ne inda take maƙale a jikin duwatsu a inuwa, ganyenta kauri kamar fata, kifi ma da wuya ya ci. Ƙaramar, Anubias barteri nana, ita tafi dacewa da ƙaramin tanki. Amma akwai abu ɗaya da yake kashe ta kuma kusan kowa sai yayi wannan kuskuren: ka ɗauke ta ka duba, zaka ga wata koriyar sanda a kwance mai kaurin ƙaramin yatsa, ganye na fitowa ta sama saiwa na fitowa ta ƙasa, ana ce mata rizom. Wannan sandar ba a binne ta. Ka binne ta ta ruɓe, zaka ga ganye na saki ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa gindin kaji ya yi laushi yana wari. Abin da ake yi shi ne a ɗaure ta da zare a jikin dutse ko icce, ko ka ɗiga sufa gulu mai kauri kaɗan a kan saiwar ka danna a jikin dutsen na ɗan lokaci, baya cutar da kifi idan ya daskare, sai dai yana yin fari a cikin ruwa don haka kar ka malala shi. Tana girma a hankali sosai, ganye ɗaya a cikin sati biyu zuwa wata, shi yasa idan ka ajiye ta daidai ƙarƙashin fitila gansakuka ke riga ta, ka nema mata gefe ko inuwar icce.

Java fern, wato Microsorum pteropus, daga kudu maso gabashin Asiya, ita ma dokarta ɗaya, ɗaurewa ake ba binnewa ba. Idan kaga ɗigo-ɗigo masu duhu a jere a bayan ganyenta kar hankalinka ya tashi ba cuta bace, haka halittarta take, wani lokacin ma zaka ga jarirai sun fito a kan tsohon ganye da ƴan saiwoyinsu, ka bari su ɗan girma ka cire ka ɗaura a wani wurin, kyauta kenan. Bucephalandra ta tsibirin Borneo ita ma dangin masu maƙalewa ce, ƙarama mai sheƙi, kyakkyawa ce amma saurin girmanta ya fi na anubias ban haushi. Sai Java moss da ake shimfiɗawa a kan icce, idan kana da ƴan jatan lande ko jariran kifi nan ne maɓoyarsu, sai dai ka riƙa aske ta don idan tayi tudu na ƙasan mutuwa yake ta ɓalle gaba ɗaya.

Waɗannan duk basu damu da abin da ke ƙasan tankinka ba tunda daga ruwa suke ci. Masu ci ta saiwa kuwa daban ne.

Cryptocoryne wendtii ta Sri Lanka, akwai kore akwai mai ruwan ƙasa, ita ce ke cike tsakiyar tanki da kyau kuma bata neman haske da yawa. Halinta ɗaya ne, bata son canji. Ka dasa ta yau, bayan kwana biyar kaga ganyen ya zama kamar an zuba masa ruwan zafi, ya narke tas. Kar ka tuge! Mutane da yawa anan suke zubar da tsiro mai rai. Ka tsince ruɓaɓɓen ganyen ka bar saiwar a inda take, bayan sati biyu ko uku sabon ganye zai ɓullo, kuma daga nan kar ka riƙa matsar da ita yau nan gobe can. Amazon sword, wato Echinodorus, zaka ganta ƴar ƙarama a kwano ka ɗauka haka zata tsaya, alhali tana iya kai santimita 40 zuwa 50 ta rufe komai, idan tankinka bai kai lita 100 ba ni dai ka haƙura da ita. Vallisneria kuma doguwa ce siririya kamar ribon, ta bayan tanki ake sa ta, tana miƙa jijiya ta ƙarƙashin yashi tana haihuwa har sai ka fara cirewa, amma ka sani bata shiri da ruwan kabon ɗin nan na kwalba da ake sayarwa a madadin gas, yana iya narkar da ita. Duk waɗannan idan yashi zalla gare ka sai ka cusa musu ƙwayar taki a gindin saiwa duk bayan wasu watanni.

Yanzu ga inda nake ganin mutane suna rowa kuma rowar tana cin su. Mutum zai siyo anubias biyu da fern ɗaya ya sa a tankin lita 60 yace bari su girma su cika. Ba za su cika ba kafin gansakuka ta cika. Sabon tanki cike yake da abinci a cikin ruwa, musamman idan ƙasa mai taki ka zuba wadda ke fitar da amoniya a makonnin farko, kuma masu girma a hankali basa iya shanye shi. Dole ka haɗa da masu saurin girma tun ranar farko, irin su Hygrophila polysperma, Limnophila sessiliflora, Rotala rotundifolia, ko hornwort wanda ko saiwa bashi da ita, jefa shi kawai ake. Masu kara ne, idan sun kai sama ka yanke saman karan ka sake soka shi a ƙasa ya zama sabo. Ko baka son su a tsarin da ke kanka ka bari su yi maka aikin wata biyu uku sannan ka rage. Ka leƙa tankin ta sama, idan kana ganin fili fiye da kore to tsirranka sun yi kaɗan.

Masu yawo a saman ruwa ma suna wannan aikin har sun fi, tunda su iska suke shaƙa kai tsaye basa jiran CO2 na cikin ruwa. Salvinia da frogbit suna da kyau, har kainuwa ana sawa idan tankin a buɗe yake kuma babba ne, saiwarta na sauka kamar gemu kifaye na son shiga ciki. Kawai ka riƙa kwashewa duk sati kar su toshe wa na ƙasa haske. Ƴar mitsitsiyar nan Lemna kuwa, idan ta shigo ta shigo kenan, ƙwaya ɗaya ta rage a bayan filta sai ta dawo.

Maganar kafet da jan tsiro, nasan shi kake jira. Cuba da Glossostigma suna son haske mai ƙarfi da CO2, ba gardama. Idan ka nace sai kayi kafet ba gas, gwada Monte Carlo ko Eleocharis mai kama da gashi, a tanki mara zurfi da ƙasa mai taki, kuma ka shirya jira na watanni. Jajayen irin su Alternanthera reineckii idan haske bai ishe su ba ganyen ƙasa zubewa yake su koma wani ruwan ƙasa mara daɗin gani, Ludwigia repens ce mai ɗan sauƙi a cikinsu. Idan kuma ka sa gas, abin da ake nema wajen miligiram 30 a kowace lita, akwai ɗan kwalbar gwaji da ake maƙalawa a gilashi, idan ruwan cikinta ya yi shuɗi gas ɗin yayi kaɗan, kore daidai, rawaya kuma yayi yawa kifi zai fara hawa sama yana haki, kuma da dare a kashe gas ɗin don tsiro baya amfani da shi a duhu.

Kar ka manta da su waye za su zauna a ciki. Goldfish cin ganye yake kamar akuya, silver dollar ya fi shi ma, manyan cichlid kuma tono ne aikinsu, ka dasa da safe da yamma ka tarar da komai yana yawo. Da irin waɗannan anubias da fern a ɗaure a dutse su ne ke da ɗan dama. Zafin ruwa kuma mafi yawan tsirran nan suna jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, idan ya wuce 30 moss ne ke fara nuna gajiya.

A wajen siye ka buɗe ido. Wani mai shago ya taɓa haɗa ni da wani tsiro mai ratsin fari a ganye yace min ai wannan baya mutuwa, ashe Dracaena ce, tsiron tukunya ne na tudu, wata biyu tayi a nutse ta ruɓe ta ɓata min ruwa. Haka mondo grass da wani mai ganye shunayya da ake kira Hemigraphis, duk ba na cikin ruwa bane, suna dai daɗewa kafin su mutu shi yasa ake samun damar sayar da su. Ka nemi sunan Latin ɗin ka duba a waya kafin ka biya. Ka duba saiwa ta zama fara mai ƙarfi, kar ka ɗauki mai baƙin gashi a gefen ganye don wannan gansakukar fitar da ita aiki ne. Sannan ka sani yawancin gonakin tsirran nan a waje da ruwa suke rainon su, gindin kawai ke jiƙe, don haka idan ka nutsa su tsohon ganye zai mutu sabo ya fito da wata siffa daban, wannan ba matsala bace. Akwai kuma waɗanda ake sayarwa a rufaffen kofi cikin wani abu kamar jeli, su babu dodon koɗi babu gansakuka a jikinsu, ka wanke jelin tas ka raba su ƙanana ka dasa.

Na cikin ƙaramin kwando kuwa ka zare kwandon, ka tsittsince audugar da aka naɗe saiwar da ita a hankali a cikin roba da ruwa, ka rage tsawon saiwar zuwa kamar santimita 2 ko 3, ka duba bayan ganye ko akwai ƙwan dodon koɗi, wani abu ne kamar majina mai ɗigo-ɗigo, ka kankare da farce. Masu kara ka dasa su ɗaya-ɗaya da ɗan tazara, kar ka soka su a dunƙule da dalmar da aka ɗaure su da ita don na tsakiya ruɓewa yake. Watan farko ka riƙa canza kusan rabin ruwan sau ɗaya ko biyu a sati, fitila awa 6, hannunka kuma ya fita daga tankin. Abin da ka yanke ya yi maka yawa ka ba wani mai tanki ko ka shanya shi ya bushe sannan ka zubar a shara, kar ka watsa a rafi ko kwata, da yawa daga cikinsu idan suka samu ruwan waje mamaye shi suke.