Abincin mai yoga: yadda ake barin nama ba tare da jiki ya rame ba

A Indiya, inda yoga (atisayen miƙa jiki da daidaita numfashi) ta samo asali, malamanta kan raba abinci gida uku: sattva mai sanya natsuwa, rajas mai tayar da jiki, tamas mai kawo kasala. Nama yana cikin na ukun. Akwai kuma aƙidar ahimsa, wato kada a cutar da mai rai. Sai dai amfanin barin nama da ake fara gani a kan tabarmar yoga shi ne sauƙin ciki. Nama mai maiƙo yakan daɗe kafin ya bar tumbi, yoga kuwa cike take da lanƙwasa, murɗa ƙugu da kifa kai ƙasa. Wanda ya cika ciki da tsire ya zo yin tsayuwar kai, ƙwarnafi da gyatsa ne za su tarbe shi.

Tsofaffin littattafan hatha yoga, wato reshen yoga da ya shafi motsa jiki, sun ba da ma'auni: rabin ciki abinci, rubu'i ruwa, rubu'in ƙarshe a bar wa iska. A bar awa 3 zuwa 4 tsakanin babban abinci da motsa jiki. In yunwa ta matsa, ayaba ɗaya ko dabino biyu awa guda kafin a fara sun wadatar.

Abincin da ya fi dacewa shi ne khichdi, ɗan'uwan shinkafa da wake. A wanke shinkafa kofi 1 da ɓararren waken mung (wani ƙaramin koren wake) kofi 1. A narka man shanu cokali 1, a ɗan soya citta da kurkur rabin ƙaramin cokali, a zuba hatsin da ruwa kofi 6. A rage wuta, a bar shi kamar minti 30 har ya yi luƙui kamar fate. In babu mung, wakenmu ma ya yi, amma a jiƙa shi awa 8, a zubar da ruwan jiƙon, a surfe shi. Nan ne yawancin sababbin shiga ke kuskure: su bar nama yau, gobe su cika kwano da wake, ciki ya kumbura, su ce abincin bai karɓe su ba. A fara da rabin kofi na dafaffe, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu.

Furotin ba shi da wuyar samu. Babba na buƙatar kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 yana neman giram 48 a rana. Wake, gyaɗa, awara da nono sun isa su cike wannan, muddin ba a mayar da abincin tuwo da taliya zalla ba.

Inda ake jin jiki shi ne bitamin B12, domin tsirrai ba sa ba da shi yadda za a dogara. Ana buƙatar maikirogiram 2.4 a rana. Masu yoga na Indiya suna shan madara da kindirmo, kuma kofin madara ɗaya na ba da kusan rabin wannan adadi. Wanda ya bar har madarar, dole ya sha ƙwayar B12. Ƙarancinsa ba ya nunawa da wuri, don hanta na ajiye shi shekaru. Daga baya sai gajiya da jin tsira-tsira a tafin ƙafa.

Sinadarin ƙarfe na ganye, kamar zogale da alayyahu, ba ya shiga jini kamar na nama. A matsa lemun tsami a kai, a kuma jinkirta shan shayi zuwa awa ɗaya bayan cin abinci, domin shayi na tare shi. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su fara gwada jini a asibiti kafin su sauya abinci.